Ƙarfen da Muka Tono a Rigasa

Ranar Laraba, bayan ruwan dare,
Sallau na haƙa mini ramin masai
a sabon filina, can ƙarshen Rigasa.

Rami ya kai masa ƙugu
sai diga ta yi wata ƙara
wadda dutse ba ya yin irinta.
Ya sunkuya, ya lalubo abu cikin jar laka,
ya miƙo mini yana dariya:
"Maigida, ga tukuicinka daga ƙasa."

Tsawonsa taƙi guda.
Baki mai faɗi, a tanƙware kamar harshen sa,
gindi kuwa bututu, inda ƙota ta taɓa zama
kafin gara ta yi walima da ita.
Ba rubutu, ba lamba,
sai ɓawo kan ɓawo na tsatsa.

Hasiya, autata, ta ce haƙorin jirgin ƙasa ne.
Uwarta ta ja baya:
"Abin da aka binne, da dalili aka binne shi.
Kai shi nesa."

Na kai shi Panteka.
Ilu ya jinjina shi a tafin hannu,
ya ɗora kan sikeli, ya taɓe baki.
Na ce sunansa nake nema, ba kuɗinsa ba.
Ya ce, "Mu nan ba ma tambayar ƙarfe sunansa,
nauyinsa muke tambaya.
Ɗari biyu, in ka ga dama ka sallama,
in ba ka gani ba, ka fasa."

Baba Jatau, da ya tsufa a aikin reluwe,
ya tofa yawu a babban yatsa, ya murza gefen,
ya ƙwanƙwasa shi da makulli, ya kasa kunne.
"Ƙarfen namu ne," in ji shi,
"irin wanda ke riƙe dogo da katako.
Amma wuta ta sake masa haihuwa.
Wannan aikin uwar maƙera ne da masaba.
Ni iyakata ke nan, maƙeri zai ƙarasa."

Barau maƙeri, a lungun Tudun Wada,
bai ce komai ba sai da ya gama shan koko.
Ya jiƙa shi da kananzir, ya dirje da yashi,
ja ya zube, baƙi ya fito.
"Gizago ne.
Da shi ake rarake turmi, a fafe akushi,
a fitar da kujera daga cikin kututture."
Ya ɗaga shi saitin ƙofa, ya kanne ido ɗaya.
"Dubi bakin. Gefe guda ya fi cinyewa.
Mai shi bahago ne.
Ya wasa shi har kashi ɗaya cikin uku ya tafi,
kuma ba da gaggawa ba.
Irin wannan mutum ba ya yar da kayan aiki.
Ko dai gudu ya raba su,
ko kuwa rasuwa ta riske sa."

A hanyar gida na tuna takardar filina,
mai hatimi biyu da sa hannu uku.
Ta ce fili ne, ba gini, ba shuka.
Ba ta san akwai inuwa a nan ba,
da ɓarɓashin itace, da mai tari da asuba,
da matar da ke jiran turminta kafin kaka.
Bagwari ne? Bakatsine ne da ya biyo dogo?
Na tambayi tsofaffin unguwa, duk sun kasa.

Na sa an yi masa ƙota ta marke.
Jiya da la'asar na gwada shi a guntun maina:
da dama, ya zame, ya zame,
kamar jakin da ya ƙi baƙon mahayi.
Na mayar da shi hagu, hannun da ban iya ba.

Ya kama.

Ɓawo ya tashi, fari, mai ɗaci,
ya faɗi kan ƙafata.
Na tsaya shiru, kamar wanda aka miƙo wa hannu
daga cikin rami, don a gaisa.